Ƙwaya ɗaya, magani biyu: yadda ake shan haɗaɗɗen maganin hawan jini lafiya

Tun da likitoci suka fara yawan rubuta ƙwaya ɗaya mai ɗauke da magani biyu ko uku, da wuya mako ya wuce wani bai dire mini kwali a kan tebur ba, yana cewa, "Malam, wanga shi kaɗai za ni sha, ko in haɗa da na da?" Wasu hoton kwalin suke turowa ta waya daga Bodinga ko Wurno, wani lokaci ma bayan sun yi kwana goma suna sha. Amsar ba ta yiwuwa a tsaye ga layi a bayan mutum, shi ya sa na zauna na jera ta daki-daki. Haɗin kansa abu ne mai kyau, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a ƙa'idojinta na 2021, domin ƙwaya ɗaya ta fi uku sauƙin tunawa. Matsalar ita ce ido yana ganin ƙwaya ɗaya, jiki kuma yana karɓar magani biyu.

1. Karanta kwalin kafin ka ɓare kati

Babban sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe sunan kasuwa ne da kamfani ya raɗa wa maganin. Wanda ya dame ka yana ƙarƙashinsa da ƙananan baƙaƙe, kuma za ka ga sunaye biyu ko uku. Kwafe su a takarda yadda suke, harafi da harafi. Idan ba ka karanta boko, sa ɗanka ko mai famasi ya kwafe maka.

Ƙarshen sunan ne ke gaya maka danginsa. Mai ƙarewa da "dipine", kamar amlodipine, yana saki jijiyoyin jini ne. Mai ƙarewa da "pril", kamar lisinopril da perindopril, da mai ƙarewa da "sartan", kamar losartan, valsartan da telmisartan, suna aiki ne ta hanyar da ta shafi ƙoda. Hydrochlorothiazide da indapamide kuwa su ne masu sa fitsari, suna fitar da gishiri da ruwa. Sau da yawa ana gajarta na fitsarin a jikin wancan babban sunan: ka ga "H" ko "HCT" ko "Plus" a ƙarshe, ko "Co" a farko.

Sai lambobin. Idan an rubuta 5/160 a kan kwalin haɗin da ake kira Exforge, ana nufin amlodipine miligiram 5 da valsartan miligiram 160. Idan ka ga 5/160/12.5, to an ƙara na fitsari na uku. Losartan mai "H" yakan zo 50/12.5. Lambobin nan wani ɓangare ne na sunan maganinka. Wanda aka rubuta wa 5/160 aka ba shi 10/160 an ninka masa amlodipine, ko da launin kwalin ya yi kama.

2. Tattara tsofaffin magunguna ka kai wa wanda ya rubuta sabon

A nan aka fi faɗuwa, kuma a gidanmu na fara ganin abin.

Kawuna da ke Mabera ya shekara da shekaru yana shan ƙwayar nan ta amiloride da hydrochlorothiazide, wadda mutane suka fi sani da Moduretic. Da jinin ya ƙi sauka, likita ya sauya masa zuwa losartan mai "H". An ce masa sabon magani ne, shi kuma ya ji kamar ƙari ne. Ya ci gaba da jefa duka biyun kowace safiya da kokonsa. A watan Afrilu ne, lokacin da ko bango ka taɓa sai ka janye hannu. Ranar kwana na tara ya ɗago daga sujada a sallar Azahar, gari ya juya masa, ya zube a kan na kusa da shi. Da na isa, an kwantar da shi a zaure ana yi masa fifita da murfin kwali, leɓensa ya bushe har ya tsage. Na auna jininsa na samu ya faɗi zuwa 92/58. Na ce a kawo mini duk abin da yake sha, sai ga shi an fito da wata tsohuwar gwangwanin madara cike da katuna.

"Kawu, wa ya ce ka haɗa waɗannan?"

"Ai duka na hawan jini na, ɗana. Na ga in an taru an fi ƙarfi."

Hydrochlorothiazide miligiram 50 ne a tsohuwar ƙwayar, ga 12.5 a sabuwar, duk abu ɗaya yake sha sau biyu. Ga kuma amiloride da losartan, waɗanda dukkansu ke tara sinadarin fotasiyam a jini, shi kuwa idan ya yi yawa bugun zuciya yake rikitawa. Allah Ya taƙaita, gwajin ƙoda ya nuna ta ɗan taɓu amma ta dawo daidai bayan an gyara maganin. Laifin har da nawa, domin na ga sabon kwalin a hannunsa tun ranar farko ban tambaye shi ina tsohon ba.

Don haka ka zuba komai a leda ɗaya: na hawan jini, na suga, na ciwon gwiwa, na gargajiya, har wanda maƙwabci ya ba ka ya ce ya yi masa aiki. Ka ɗaga kowanne a gaban likita ko mai harhaɗa magunguna ka ce, "Wannan in ci gaba ko in daina?" Wanda aka ce a daina, kada ya koma gida tare da sabon. Fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya.

Gargaɗi: ba a haɗa mai "pril" da mai "sartan". Idan likitoci biyu ne suka rubuta maka a wurare daban-daban, ɗaya bai san da na ɗaya ba, kai ne za ka nuna musu.

3. Faɗi abin da ba a tambaye ka ba, sannan ka yi gwajin ƙoda

Layi a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) da ke Sakkwato ko asibitin ƙwararru na jiha yana da tsawo, likita ba zai tuna ya tambaye ka komai ba. Kai ka fara faɗa: ko kana da ciwon ƙoda, ciwon suga, ciwon hanta, ko ciwon nan da ke kama babban yatsan ƙafa ya kumbura da dare, wanda ake kira gawut, domin maganin fitsari yana tayar da shi. Ka faɗa idan leɓenka ko harshenka ya taɓa kumbura bayan shan wani magani.

Gwajin jinin da ake rubutawa E/U/Cr a takardar ɗakin gwaji shi ke nuna aikin ƙoda da yawan fotasiyam da sodiyam. Ana yin sa kafin a fara, a sake bayan mako biyu zuwa huɗu da farawa ko da ƙara ƙarfin magani, daga nan kuma aƙalla sau ɗaya a shekara. Mutane da yawa suna sayen magani su tsallake gwajin don rage kuɗi. Ni a ganina gwajin na biyu ya fi kwalin wata na biyu muhimmanci, domin fotasiyam yakan hau mutum bai ji komai a jikinsa ba.

Gargaɗi ga mata: mai ciki, da wadda ke neman ciki, ba ta shan duk haɗin da ke da "pril" ko "sartan". Suna lalata ƙodar ɗan tayi, suna rage ruwan mahaifa. Idan kin ga ɓatan wata kina kan wannan magani, kada ki sha na gobe, ki je asibiti a ranar a sauya miki da waɗanda ake ba masu ciki, irin su methyldopa, labetalol ko nifedipine. Kada ki zauna ba magani ki ce sai ranar awo. Mai shayarwa ma ta faɗa, haka wadda ke shan ƙwayar tazarar haihuwa, domin wasu daga cikinsu suna ɗaga jini.

4. Saye: wuri, lamba da lissafin kuɗi

Sayi a famasin asibiti ko famasi mai rajista inda akwai mai harhaɗa magunguna. Maganin hawan jini ba na sayen tebur ba ne, ba na mai yawo da kwando a tasha ba ne, wanda rana ta gasa tun safe. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a kwali, ka tabbata lambar zubin, wato "batch number", da ke kwalin ita ce a jikin katin. Idan an ce naka ya ƙare ga wani "irinsa", fito da takardar da ka kwafa a mataki na farko. Sunayen biyu da lambobin biyu duk su zo daidai. Idan sun zo daidai, sauyin kamfani ba matsala ba ne.

Tun faɗuwar darajar naira a 2023 kuɗin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo, kuma na manyan kamfanonin Turai kan ninka na Indiya ko na gida sau da yawa alhali sinadarin ɗaya ne. Lissafin da za ka yi na wata ne. Tambayi ƙwaya nawa ke cikin kwalin, domin wani 28 ne wani 30, sannan ka ƙara kuɗin gwaji da na kabu-kabu zuwa asibiti. Idan ka ga ba za ka iya ɗauka wata bayan wata ba, faɗa wa likita tun a ɗakinsa, ba abin kunya ba ne. Zai iya rubuta mai sauƙin kuɗi, ko ya raba maka haɗin zuwa ƙwaya biyu daban-daban, wanda sau da yawa ya fi araha. Ma'aikatan da ke cikin inshorar lafiya ta tarayya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani suke biya, masu rajista da SOCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Sakkwato, kuma su tambayi asibitinsu ko haɗin yana cikin jerin da ake bayarwa.

Gargaɗi: kada ka raba ƙwaya gida biyu don kwali ya kai wata biyu, kada ka koma sha yau ka huta gobe. Magungunan biyu ba lallai su rabu daidai a cikin ƙwayar ba, wasu kuma an yi su ne su riƙa narkewa a hankali, fasa su yana zubo aikin yini guda a lokaci ɗaya.

5. Tsayar da lokaci ɗaya

Yawancin waɗannan haɗe-haɗe sau ɗaya ake sha a yini. Ɗaure shi da abin da ba ka fashinsa, kamar dawowa daga sallar Asuba ko karin kumallo. Idan akwai na fitsari a ciki, da safe ya fi, in ba haka ba ka kwana kana zarya da buta. Haɗiye ta ɗungurungum da ruwa kofi guda. Akasarinsu ba ruwansu da ko ka ci abinci ko ba ka ci ba, sai dai perindopril an fi so a sha kafin kari.

Idan ka manta, ka tuna kafin awa 12 su wuce, sha. Idan ya wuce haka, bar ta, ka sha ta gobe a lokacinta. Ba a ramuwa da biyu. Ga tsoho mai mantuwa, a rubuta ranaku da biro a bayan katin, ko a ba mutum ɗaya a gidan alhakin miƙa masa. Mutum ɗaya na ce, domin na ga gidan da uwargida ta ba maigida da asuba, amarya ta sake ba shi da hantsi, kowacce tana ganin ta kyauta.

6. Auna a gida, ka rubuta

Na'urar da ake ɗaurawa a damtse ta fi ta wuyan hannu gaskiya. Kafin ka biya, gwada ɗamarar a hannunka, domin ƙarama a kan katon damtse tana nuna jini ya hau alhali bai kai haka ba. Gida guda na iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya. Wanda ba shi da hali ya riƙa zuwa asibitin sha-ka-tafi na unguwa ko famasi.

Yadda ake yi: ka yi fitsari tukuna, kada ka ci goro ko ka sha shayi mai ƙarfi ko taba rabin awa kafin nan. Zauna a kujera mai jingina, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ka huta minti 5 ba magana. Auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe kafin shan magani, da kuma dare. Yi haka kwana bakwai a jere, ka rubuta kwanan wata da lambobin biyu a ƙaramin littafi.

Abin da ake nema ga yawancin mutane shi ne ƙasa da 140/90 a asibiti, ko ƙasa da 135/85 a gida. Mai suga ko ciwon zuciya ko ƙoda likita na iya saukar masa da shi zuwa wajen 130/80. Maganin yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin ya zauna sosai. Kada ka ga 150 a kwana na uku ka ƙara ƙwaya da kanka.

7. Abin da jiki zai iya nunawa

Jiri idan an miƙe shi ne na farko, musamman a makon farko. Daga kwance ka zauna a bakin gado ka ƙirga ashirin kafin ka tashi. A masallaci ka ɗago a hankali, idan ta kama ka yi sallar a zaune. Mai tuƙa mota ko babur ya fara maganin ranar da ba zai fita aiki ba. Idan awo ya sauka ƙasa da 90/60, ko ƙasa da 100 tare da jiri da kasala, kada ka sha na gaba sai ka yi magana da likita.

Amlodipine yana kumbura idon sawu, an fi gani da yamma inda igiyar takalmi ta kwanta. Mutane kan firgita su ce ƙoda ce ta tafi, su ruga kemis a ba su maganin fitsari. Wannan kumburin ba ya jin maganin fitsari, rage ƙarfin amlodipine ko sauya haɗin ne maganinsa. Masu "pril" suna kawo busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, wanda ba sirof ɗin da zai kashe shi. Na ga wadda aka kai har gwajin tarin fuka saboda shi. Mayar da ita kan "sartan" kawai aka yi tarin ya tafi. Na fitsari kuma kan kawo ɗaurewar jijiyar ƙafa, kasala, wani lokaci raunin mazakuta. Wannan na ƙarshen shi ke sa maza da yawa ajiye magani a ɓoye. Faɗa wa likita, akwai haɗin da ba shi da wannan.

Gargaɗi: kumburin leɓe, harshe, fuska ko maƙogwaro bayan shan mai "pril" ko "sartan" ba abin jira ba ne, ko da ka shekara kana sha lafiya. Ya fi faruwa ga baƙar fata, kuma yana iya toshe numfashi. A tafi sashen gaggawa nan take, a riƙe kwalin a hannu.

8. Bazara, gudawa da azumi

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40. Gumi yana fitar da ruwa da gishiri, maganin fitsari yana fitarwa, adadin da ya dace da kai a lokacin hunturu sai ya zame maka da yawa. Sha ruwa kafin ƙishi ya kama ka, sai fa wanda likita ya iyakance wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Ƙara yawan awo a watannin nan, musamman ga manomi, ɗan kasuwa mai zama a rana, da tsoho.

Idan amai da gudawa suka kama ka har ba ka riƙe ruwa, dakatar da duk haɗin da ke da na fitsari ko "pril" ko "sartan", ka sha ruwan gishiri da suga na ORS, ka nemi asibiti a ranar. Shan su a kan bushewar jiki yana iya tsayar da ƙoda. Ana komawa ne bayan an yi kwana ɗaya ko biyu ana ci ana sha daidai.

Maganar azumi tun Sha'aban ake yin ta da likita. Ƙwayar sau ɗaya a yini ba ta hana azumi ga mafi yawan mutane, lokacinta ne ake matsarwa. Mai ɗauke da na fitsari an fi mayar da ita bayan buɗe-baki, don kada a sha da sahur a wuni ana zubar da ruwan da ba za a mayar ba. Wanda jiri ya kayar ko awonsa ya faɗi da rana, shari'a ta ba mara lafiya rangwame.

9. Abin da ba ya zama da maganin

Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da piroxicam suna ɗaga jini, kuma idan suka haɗu da "sartan" ko "pril" da na fitsari, ƙoda ce ke ɗaukar dukan ta fuska uku. Haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis idan ka ce jikinka na ciwo kusan ba ya rasa ɗayansu. Paracetamol shi ne mai sauƙi. Maganin mura mai buɗe hanci da ke da pseudoephedrine ko phenylephrine yana ɗaga jini, haka dexamethasone da prednisolone da ake sha don ƙiba, irin su sha-ka-fashe. Maganin ƙarfin maza kuwa saukar da jini yake yi, ya haɗu da naka ya kai ka ƙasa, kuma na kwalba da na garin da ake tallarsu a mota ba ka san abin da aka zuba musu ba.

A ɗakin girki, gishirin yini guda kada ya wuce giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙule, kilishi, yajin tsire da taliyar 'yan yara. Kanwa ma sodiyam ce, ko a miyar kuka ko a wake ko a kunu, tana warware aikin da ƙwayar ke yi. Gishirin kanti da ake cewa na masu hawan jini fotasiyam ne a ciki, mai shan "pril", "sartan" ko amiloride kada ya taɓa shi sai da izini. Zoɓo yana ɗan sauke jini. Kofi ɗaya a biki ba komai, amma wanda ya mayar da shi magani yana sha safe da yamma ya gaya wa likita, kuma kada ya ajiye ƙwaya saboda shi.

10. Ajiya

Ƙasa da digiri 30 ake rubutawa a yawancin kwalaye, abin da ke da wuya a ɗakin kwano a watan Afrilu. Nemi wuri mafi sanyi da inuwa, cikin akwati ko durowa kusa da ƙasa, nesa da taga da murhu, inda yaro ba ya kaiwa. Ban da aljihun mota, ban da aljihun riga. Bar kowace ƙwaya a katinta sai lokacin sha.

11. Komawa asibiti, da ranar da ba a jira

Awo mai kyau alama ce maganin yana aiki, ranar da ka ajiye shi jinin zai fara hawa ba tare da ka ji ba. Sayi na gaba tun saura kwana bakwai, mai tafiya Umara ko fatauci ya ɗauki abin da zai ishe shi har da rarar mako biyu, da takardar likita. Har jinin ya daidaita ana komawa duk wata, bayan nan duk wata uku zuwa shida. Tafi da abu uku: littafin awo, kwalin da kake sha, da sakamakon gwajin ƙoda na ƙarshe.

Idan na'ura ta nuna 180/120 ko fiye, huta minti 5 ka sake. In bai sauka ba, ka ga likita a ranar ko da kana jin garau. Idan kuwa akwai ciwon ƙirji, ƙarancin numfashi, karkacewar baki, sarƙewar harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, ɗaukewar gani ko matsanancin ciwon kai, a ɗauki mara lafiyar zuwa sashen gaggawa nan da nan. Kada a ɗura masa ƙarin ƙwaya, kada a ba shi ruwa ko rubutu ta baki idan haɗiya ta gagara, a kwantar da shi ta gefe a cikin mota. Wani ya duba agogo ya riƙe lokacin da abin ya fara, domin ita ce tambayar farko da za a yi muku a can.